Bayan ritaya: a zauna Abuja, a hau Jos, ko a bi 'ya'ya ƙetare?

Ma'aikacin gwamnati ya san ranarsa tun kafin ta zo: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Malaman firamare da sakandare dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko 40, farfesoshi kuma sai 70. Duk da haka, yawancinmu sai takardar hutun ƙarshe ta iso hannu muke fara tambayar inda za a koma. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan sha'ani kam ranar ake fafewa.

Ga wanda ya yi aikinsa a Abuja kuma yana da wata jijiya a Filato, ko can aka haife shi, ko can ya yi karatu, ko can ya auro, zaɓin yakan tsaya a kan uku. Ya ci gaba da zama inda yake, ya tattara ya hau Jos, ko ya amsa kiran yaran da ke Ingila, Kanada ko Amurka. Wasu kuma zuciyarsu na Madina.

Kafin a kai ga sanyin Jos ko titunan Abuja, a fara da kuɗin. Bisa dokar fansho ta 2004, kamar yadda aka sabunta ta a 2014, ma'aikaci yana tara kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, kuɗin yana hannun kamfanin fansho ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Ranar ritaya a ba ka wani kaso a dunƙule, saura kuma ka zaɓa: ko kamfanin ya riƙa yanko maka duk wata daga asusunka, abin da ya rage bayan ranka ya zama na magada, ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya riƙa biyan ka har ƙarshen rai. Wanda ya fara da na farko yana iya komawa na biyu, wanda ya shiga na biyu kuwa ba ya dawowa. Ko wanne ka ɗauka, naira za a ba ka, kuma ba ta bin farashin kasuwa da gudu.

A ɗauki misalin mai karɓar naira 150,000 a wata. A watan Mayun 2023, lokacin da dala take wajen 460 a farashin gwamnati, wannan kuɗi ya haura dala 320. A Fabrairun 2024, da dala ta kai 1,500, ya koma dala 100 cif. Maganin hawan jini da na ciwon suga kuwa akasarinsu daga waje ake shigo da su ko kayan haɗa su. Don haka abin da ya kamata mai shekara 60 ya auna shi ne garin da wannan kuɗi zai riƙe shi yana ɗan 75, lokacin da ba ya iya tuƙi da dare kuma ba mai kiran sa taro a ba shi alawus.

Maganar Abuja gaba ɗayanta a kan abu guda take rataye: gidan da kake ciki naka ne? Waɗanda suka sayi gidajen gwamnati a Garki, Wuse da Gwarinpa lokacin da aka sayar da su zamanin ministancin Nasiru el-Rufai, bayan tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003, su ne suka fi kowa dacewa. Wanda yake da irin wannan gida, musamman idan akwai ɗakunan baya da zai zuba 'yan haya, Abuja tana iya ciyar da shi. Ɗan haya kuwa labarinsa daban. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, wani mai gidan ma na shekara biyu yake nema, ga kason dillali, ga na lauya, ga kuɗin hidimar rukunin gidaje na masu gadi da kwasar shara. Abin da aka ba ka a dunƙule ranar ritaya haya uku ko huɗu za ta lashe shi. Daga nan sai a fara ja da baya: daga Gwarinpa zuwa Kubwa, daga Kubwa zuwa Dutsen Alhaji ko Bwari, ko daga Karu zuwa Mararaba, daga Mararaba zuwa Masaka. Mararaba ma ai jihar Nasarawa ce. Mutum yana cewa a Abuja yake, alhali tsadarta kawai ta rage masa, amfaninta yana can bayan cunkoson Nyanya. Wanda numfashi ya sarƙe masa da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin a Masaka, bai fi na Akwanga kusa da Asibitin Ƙasa da wani abin kirki ba.

Mai gida ma ya duba takardunsa. A Babban Birnin Tarayya minista ne ke ba da fili. Takardar sarkin ƙauye ko ta ƙaramar hukuma ba ta tare motar rusau. A je AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja, a tabbatar, a kuma biya harajin ƙasa, domin a 2025 an soke mallakar dubban filaye saboda bashin wannan haraji da ya taru shekara da shekaru.

Idan gida ya tabbata, abin da Abuja take da shi ba ƙarami ba ne. Asibitin Ƙasa, asibitin koyarwa na Gwagwalada, cibiyar lafiya ta tarayya da ke Jabi, asibitocin Maitama, Asokoro da Wuse, ga na kuɗi masu ƙwararrun zuciya da ƙoda ga mai hali. Ga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ga mai 'ya'ya a waje ko mai zuwa Umara, ga jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa a Kaduna tun 2016. Hedkwatar PenCom da ta PTAD, mai kula da 'yan tsohon tsari, duk a nan suke, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil ya san bambancin aika saƙo da zuwa da ƙafa. Sannan ga ɗan abin yi: kwamiti, aikin ba da shawara, 'yar kwangila. Sai dai wannan na 'yan shekarun farko ne. Waɗanda suka san ka a ofis su ma suna bin layin ritayar, waɗanda suka gaje su kuma sunanka kawai suka ji.

Zafi ma kuɗi ne. A Maris da Afrilu Abuja takan wuce digiri 35, kuma tsoho mai hawan jini ba zai kwana a haka ba. A Afrilun 2024, lokacin da aka kai wutar rukunin A, wato na unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, na'urar sanyaya ɗaki guda mai cin kilowat ɗaya, awa takwas a dare, naira 1,800 ke nan, a wata 54,000. Ka cire wannan daga 150,000 ka ga abin da ya rage, ba a yi maganar firji da injin jan ruwa ba. Wanda ba ya rukunin A ya huta da wannan farashi, sai ya biya a gidan mai.

Abin da na fi jiye wa ɗan fansho a Abuja shi ne kaɗaici. Gari ne da aiki ya tara mutanensa tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991, kuma duk Sallah ko Kirsimeti sai ya zama fayau, kowa ya tafi gida. A rukunin gidaje mai ƙofa da maigadi za ka shekara biyar ba ka san sunan na jikin katangarka ba. Lokacin aiki ba a lura. Bayan ritaya, daga azahar zuwa la'asar tafiya ce mai nisa. Masu zama kusa da masallacin unguwa mai majalisa, kamar a tsohuwar Garki ko wasu sassan Kubwa, sun fi samun sauƙi.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma rabin abin da ake yabonta da shi daga nan ya samo asali. Ba ka buƙatar na'urar sanyi, fanka ma wata da watanni tana rataye ba a kunna ba. Kasuwar Farin Gada cike take da kabeji, karas, latas, tumatir da koren wake a farashin kusa da gona, dankalin turawa na zuwa daga Bokkos da Mangu, ga acca, wadda masu ciwon suga da yawa suka mayar abincin dare, ga gwate. Manyan motocin da ke kai wa Abuja kayan miya daga nan da yawansu suke lodi, kuɗin man da ribar 'yan tsakiya kuma mai saye a Wuse ke biya. Gari ne da za ka fita daga Bukuru ka isa Terminus ba tare da ka ƙona rabin tanki ba. Nairar ɗan fansho ta fi auki a nan, wannan ba abin musu ba ne.

Ta fuskar asibiti ma Jos ba ƙauye ba ce. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, a Lamingo, asibitin ƙwararru na jiha, asibitin koyarwa na Bingham da kowa ya fi sani da Jankwano, da tsohon asibitin mishan na Vom. Hawan jini, suga, ido, ƙashi, duk za a duba ka, kuma kuɗin ganin likita a asibitin kuɗi bai kai na Abuja ba. Amma wanda ciwonsa ke buƙatar wata na'ura ta musamman ko wani likita guda da ya san fayil ɗinsa, ya tambaya da bakinsa ko akwai irinsa a Jos kafin ya ɗaure kaya. Idan babu, hanyar Akwanga da Keffi ce, awa huɗu zuwa biyar, da gangaren Hawan Kibo a ciki. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang jiragensa kaɗan ne, akasari na Legas. A kuma tuna cewa inshorar lafiyar da ake cira daga albashi ba ta bin mutum kai tsaye zuwa ritaya. Sai ya sake rajista da kansa, ko da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ko da PLASCHEMA ta jihar Filato.

Sanyin da ake yabo kuma yana da ɗaya fuskar. A Disamba da Janairu dare yakan sauka kusan digiri 10, da iska mai ratsa bargo, a Agusta kuma ruwa ya wuni yana zuba, ɗaki ya yi danshi. Mai shekara 40 da ya zo hutu zai ce aljannar duniya. Mai asma, mai sanyin ƙashi, mai ciwon gwiwa da zai fita sallar asuba, shi zai faɗa maka gaskiyar lamarin. Ruwan zafi na alwala da wanka kuɗin gas ne ko gawayi. Ruwan famfo ba kowace unguwa yake isa ba, kuma haƙa rijiyar burtsatse a kan dutse ba wasa ba ne.

Sai babbar maganar, wadda masu tallar Jos suke tsallakewa, masu tsoronta kuma ba sa ganin komai sai ita. Rikicin Satumban 2001, na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 sun sake zana taswirar garin. Musulmi suka tattaru a Unguwar Rogo, Gangare, Bauchi Road, Rikkos, Dilimi da Ali Kazaure, Kirista suka koma nasu sassan, unguwannin da aka gauraya suka rage kaɗan, irin su Rayfield, waɗanda kuma ba na mai ƙaramin fansho ba ne. Abin da wannan ke nufi ga mai neman gida shi ne arahar Jos ba ta kai ko'ina ba. A unguwannin da jama'a suka cunkushe, fili ya yi wuya, lungu ya matse, wani gidan ko mota ba ta isa ƙofarsa, kuma farashin ya fi ƙarfin abin da ido ke gani. Wanda ya hango kansa a gida mai fili da bishiyar mangwaro, ya tambayi kansa a wace unguwa, da su wa, kuma idan aka sa dokar hana fita kamar ta Agustan 2021, ta wace hanya zai bi zuwa asibiti. Hare-haren da suka fi muni a 'yan shekarun nan, kamar na jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barikin Ladi, a karkara suka faru, don haka mafarkin sayen gona a bayan gari a riƙa kwana can, a ajiye shi tukuna. Cikin gari kuwa akan yi shekaru ana kasuwa tare lafiya, kuma Hausa ce harshen kowa, daga masallaci har cocin COCIN da ECWA, waɗanda hedkwatarsu ke nan, a garin da aka kafa Izala a 1978. Abuja ma ba tudun mun tsira ba ce: 'yan wan-cans, masu fashi cikin motar haya, suna nan, kuma satar mutanen da aka yi a Bwari a farkon 2024 ta nuna wa mazauna gefen gari matsayinsu.

Akwai kuma batun takardar shaidar zama ɗan asalin gari, wanda ya daɗe yana ci wa Hausawan Jos tuwo a ƙwarya duk da kakanninsu sun zo tun zamanin haƙar kuza. Kai mai ritaya ba ka neman aiki ko gurbin karatu, amma idan akwai ƙananan yara ko jikoki a hannunka, su zai shafa.

Abin da Jos take bayarwa a madadin duk wannan shi ne jama'a. Wanda ya tashi a can, ya dawo zai tarar da majalisar bakin titi, ɗaurin aure duk Asabar, wanda zai leƙo idan ba a gan shi a sahu kwana biyu ba, da waɗanda za su ɗauke shi zuwa maƙabartar Zaria Road ba sai an yi sanarwa a WhatsApp an jira 'yan'uwa daga nesa ba. Wanda bai taɓa zama a can ba, ya ji labarin sanyi da arahar kabeji kawai, wannan ribar ba tasa ba ce, kuma ita ce mafi girma. Ya ma fi masa ya duba Bauchi, Kaduna ko garinsu na haihuwa.

Ƙetare fa? A nan ina ganin mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, ziyara da ƙaura. Ziyara mai yiwuwa ce. Ingila tana ba baƙo har wata shida. Kanada tana da biza ta musamman ga iyaye da kakanni da ke ba da damar zama har shekara biyar a shiga ɗaya, bisa sharaɗin inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000 da shaidar cewa ɗan yana da samun da zai riƙe su. Ƙaura kuwa ƙofarta ƙunci gare ta. Tun 2012 Ingila ba ta barin a kawo iyaye su zauna dindindin sai an nuna suna buƙatar kulawar yau da kullum da ba za a samu a gida ba ko da kuɗi, kuma kaɗan ne ke tsallake wannan. A Amurka ɗan da ya zama ɗan ƙasa kuma ya kai shekara 21 doka ta ba shi damar nema wa iyayensa katin zama, amma inshorar tsofaffi ta gwamnati ba ta buɗe wa sabon zuwa sai ya shekara biyar, kuma tun Yulin 2025, da aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga ɗaya, ƙofar ƙara tsukewa take yi.

Ko an samu takardar, a dubi zaman. Dala 100 a wata ba ta taka kara ta karya a can. Ma'ana komai sai ka tambaya, har kuɗin da za ka saka a asusun masallaci. Yara sun fita aiki tun duhu, jikoki na makaranta kuma da Turanci suke amsa maka, a hunturu rana ta faɗi ƙarfe huɗu, masallaci sai an kai ka a mota. Hajiya takan fi jurewa, domin renon jika yana cika mata wuni, kuma ita ake roƙo ta ƙara wata uku. Dattijon da ya saba a zo gaishe shi, bayan sati shida zai fara tambayar ranar jirgi.

Saudiyya ita ce mafarkin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: a ƙarasa rayuwa kusa da Harami. Amma ba ta da bizar ritaya ga mai ƙaramin ƙarfi. Iƙama da kafili take tafiya, wato aiki ko wani ɗa mai aiki a can. Izinin zama na musamman da aka buɗe a 2019 riyal 100,000 ne na shekara guda, ko 800,000 na dindindin. A kan riyal 3.75 kowace dala da naira 1,500, na shekarar ya kai naira miliyan 40, na dindindin miliyan 320, ba a yi maganar haya da inshora ba. Wanda ya shiga da bizar Umara ya ƙi fita ya zaɓi zaman ɓuya, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba fita sai da waige, ƙarshenta kamu da tasowa. Wannan ba zaman dattijon da ya yi wa ƙasarsa aiki shekara 35 ba ne. Dubai tana da bizar ritaya ta shekara biyar ga mai 55 zuwa sama, amma ana maganar gida ko ajiyar dirhami miliyan guda, kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ita ce ta rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 har tsakiyar 2024. Wanda yake da irin wannan kuɗi ba ya buƙatar shawarata.

Akwai wadda ake yawan mantawa a lissafin, ita ce uwargida. Maigida ne ya yi ritaya, ita ba ta yi ba. Islamiyyarta, adashinta, 'yar sana'arta da ƙawayen da ta tara shekara talatin duk a Kubwa suke, kuma bisa al'ada ita ce ƙarama, ita za ta fi daɗewa a duk inda aka sauka. Idan ta ce, “Alhaji, ni fa ban san kowa a can ba,” ba gardama take yi ba, gyara maka lissafi take. Haka mace mai ritaya da mijinta ya rasu: inda 'ya'yanta mata da 'yan'uwanta suke ya fi kowane yanayi nauyi a sikeli.

Ga inda na tsaya. Mai gida a cikin Abuja da takarda mai kyau, da ciwon da ke buƙatar ƙwararru ko 'ya'yan da ke aiki a garin, ya zauna. Ɗan haya mai dogaro da fansho kaɗai ya bar Abuja tun kuɗin dunƙulen yana hannu, kada ya jira haya ta cinye shi sannan ya tafi hannu rabbana. Mai gida a Abuja kuma mai jama'a a Jos shi ya fi kowa sa'a: ya ba da na Abuja haya, ya ci kuɗin a Jos, domin hayar Abuja tana tashi tare da tsadar rayuwa, abin da fansho ba ya yi. Kada ya sayar. Wanda ya sayar da gida a Abuja da wuya ya sake iya sayen irinsa. Ƙetare kuma a bar shi a matsayin ziyara, wata uku ko huɗu lokacin bazararsu, a ga jikoki, a duba lafiya, a dawo, da lambar wayar gida da asusun banki suna aiki saboda tantancewar 'yan fansho.

Kafin a sa bulo ko guda a Jos, a kama haya ta shekara ɗaya a unguwar da ake so, a ga Janairunta a ga Agustanta. A buɗe kati a asibitin da za a dogara da shi, a bi layin ganin likita kamar kowa, a nemi magungunan da ake sha a kantunan unguwar. Idan an tashi ginin, a yi shi na ƙasa ba bene ba, ɗakuna kaɗan, ban-ɗaki a cikin ɗaki, da ƙofar da keken marar lafiya zai iya shiga.